Hammawa Ya Ɗaure Rana a Turke

"Ni Hammawa, da na taɓa kayar da bijimin da ya gagari ƙarti bakwai a kasuwar shanu, yau kuma rana na kama na ɗaure a turke! Wanda bai yarda ba ya ɗaga kai ya dubi saman kwanona. Ga ta can tana yi mini aiki, ba dusa ba harawa."

Da wannan kirarin Alhaji Hammawa ya buɗe majalisar yamma a gindin bishiyar maina, wato darbejiya, da ke layinsu a unguwar Dogo Nini cikin Potiskum, saura mako biyu Babbar Sallah. Kai da ba ka san mutumin ba, bari in zana maka shi. Dillalin shanu ne, dogo siriri kamar sandar kiwo, hula a karkace, ga murya wadda in ya yi raɗa a Dogo Nini sai a amsa masa daga unguwar Bolewa. A kan saniya kam ba a ja da shi, kallo ɗaya zai yi mata ya gaya maka shekarunta da abin da ta ci jiya. Matsalarsa ɗaya ce. Hammawa ya ɗauka duk abin da ke duniya saniya ce da ta canza kama. Babur ɗinsa in ya ƙi tashi, ƙishirwa yake ji. Rediyo in ya yi shiru, ya ce a ƙyale shi, tuƙa yake yi.

Wanda ya haɗa masa sola, wato wutar hasken rana, wani bawan Allah ne mai haƙuri, Zainulabidin, ana ce masa Zainu Mai Sola. Ranar da Hammawa ya je shagonsa ciniki, sai da ya zagaye farantan sola sau uku, ya ƙwanƙwasa wannan, ya shafa bayan wancan, ya tsuguna ya leƙa ƙasa.

"Baffa, me kake nema?" in ji Zainu.

"Kai dai yi shiru. Ba a sayen dabba sai an duba ƙafafu."

Aka ɗora farantai shida a kan kwanon ɗakin zaure, ta bayan ginin inda ba a hango su daga tsakar gida. Aka ajiye batura da inbata, wato akwatin da ke raba wutar, a lungun zauren. Aka shigo da sabuwar firiza fara sol, mai faɗin da mutum biyu za su kwanta ciki ba su taɓa juna ba. Da aka gama, Hammawa ya tsaya ya dubi farantan suna ƙyalli cikin ranar Potiskum, sai tausayi ya kama shi.

"Zainu, gobe zan sa a yi musu rumfa da zana. Dukiya ba a barinta a rana haka."

Zainu ya kusa faɗowa daga tsani. Ya sauko, ya share gumi, ya ce, "Baffa, don Allah zauna in yi maka bayani da yarenka. Farantan nan, rana ce ciyawarsu. Ko ganye ɗaya ya rufe su, kiwo ya ragu. Batir kuma randa ce. Su ne ke zuba mata ruwa da rana, kai kuma kana ɗiba. In ka ɗiba fiye da abin da aka zuba, ka san sauran."

"Ka ga na yi kama da wanda bai san randa ba?"

"To abu huɗu. Kada komai ya yi wa farantan inuwa. Kada a jona dutsen guga ko abin dafa ruwa. Kada a riƙa buɗe firiza kowane lokaci, sanyi yana gudu. Na huɗu, in ka ji inbata tana kuka, ka kira ni."

Hammawa ya gyaɗa kai irin na wanda ya riga malamin sanin karatun. Cikin huɗun nan guda ɗaya ce ta samu wurin zama a kansa, wato ta rashin buɗe firiza, ita ma don ta ba shi dalilin sayen kwado ne. Kafin la'asar ya garƙame ta, ya rataye makullin a wuya.

Daga nan fa unguwa ta shiga uku. Da farko ya kira mai gyaran wuta ya sa aka tsinke wayar wutar gari daga gidansa, ya nannaɗe ta ya rataye a ƙofa don masu wucewa su shaida. Sannan ya dubi ƙananan ƙwayayen farin haske da Zainu ya saka masa, marasa cin wuta, ya ce waɗannan idon mage ne, ba su dace da gidan mai rana a turke ba. Ya ciro tsofaffin jajayen ƙwayaye masu zafi, irin waɗanda in ka tsaya ƙarƙashinsu sai ka ji ƙeyarka na dahuwa, ya jera guda tara har da ɗaya a garken dabbobi. Rana tsaka za ka ga ƙwai na ci a ƙofar gidansa. Fanka uku suna juyawa a ɗakunan da ba kowa.

Matarsa Aminatu, mace ce mai ƙarancin magana, amma in ta yi ɗaya sai ta kwana a jikin mutum. Ta bi tana kashewa, shi kuma ya bi yana kunnawa.

"Alhaji, yaron nan fa ya ce a yi tattali."

"Tattalin me? Kin taɓa jin rana ta ƙare? Tun zamanin kakan kakana ake amfani da ita, ko gefenta bai gutsure ba."

Da yake ranar tana da ƙarfi, farantan suka yi ta rufa masa asiri. Duk abin da ya ɓarnatar, kashegari su mayar. Sai kan Hammawa ya ƙara girma har hular ta fara yi masa kaɗan. Ya hana a ce masa Dillali, ya ce Injiniya. A majalisa kuwa, Yunusa tela, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, ya raɗa masa Injiniya Ba Makaranta.

Saura kwana uku Sallah, Hammawa ya miƙe a majalisa ya yi gyaran murya.

"Ku isar wa matanku. Bana ba suya a layin nan!"

Kowa ya san abin da suyar layya take nufi a gidajenmu. An yanka rago, an rataye ya kwana, kashegari a yanyanka, a fitar da na sadaka da na 'yan uwa, sauran kuwa sai mata su zauna gaban murhu su yi ta soyawa cikin kitsensa har ya bushe ƙayau, don ta haka ne kawai zai yi watanni bai lalace ba. Kwana biyu ana shan hayaƙi, ido ya yi ja, baya ya ƙage. To ga mutum ya ce an yafe musu.

"Kowa ya kawo nasa ɗanye," in ji Hammawa. "Firizata ta haɗiye shi. Ranar da kika so miya, ki zo ki ɗiba kamar yanzu aka yanka. Suya aikin mutanen da ne, waɗanda ba su da ilimin rana."

"Me za a ba ka?" Yunusa ya tambaya.

"Kai, ni da nake da rana me za ku ba ni? Wanda ya ji kunya ya aiko mini da fatar ragonsa, shi ke nan."

Gida shida suka amsa nan take. Saura gida ɗaya, na Ya Fanne. Tsohuwa ce mai ɗan ƙaramin jiki, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma shekara guda cur ta yi tana kiwon ragonta da hannunta, da ƙanzo da ruwan tsari da ɓawon wake. 'Yarta ta haihu a Damaturu, kuma ta yi niyyar kai wa mai jego rabin naman bayan Sallah. Da Hammawa ya je har ƙofar gidanta da tallar firiza, ta dube shi daga hula har takalmi.

"Ɗana, ni kam kaskona bai taɓa yi mini ƙarya ba. Akwatin nan naka, yaushe na san shi?"

"Haba Ya Fanne! Da girmanki za ki zauna shan hayaƙi, ga ni a unguwa?"

"In ya lalace fa? Rago ɗaya gare ni, ba ni da na biyu."

A nan ne fa baki ya yanka wuya. Mutane sun fara taruwa, har Bulama Muhammadu Lawan, mai unguwar, ya tsaya da carbinsa yana sauraro. Hammawa ya ga idanu a kansa, sai jinin kuri ya motsa. Ya buga ƙirji.

"Bulama, ka zama shaida. In tsoka ɗaya ta canza wari a firizata, a yanka Ɗan Gata a raba wa masu nama. Kuma ni da hannuna zan soya shi a tsakiyar layin nan!"

Ɗan Gata jan bijimi ne mai ƙahoni kamar an buɗe hannuwa ana addu'a, wanda Hammawa ya yi shekara huɗu yana turkarsa. Manyan 'yan kasuwa sun zo daga Kudu sun taya, ya ce ko kallonsa sai da izini. Shi yake yi masa wanka, shi yake cire masa kaska, in bijimin ya yi tari Hammawa ba ya cin tuwo. Aminatu takan ce da ita da Ɗan Gata za su faɗa rijiya, ta san wanda za a fara jefa wa igiya.

"Ka ji abin da ka faɗa?" in ji Bulama.

"Na ji, kuma na ƙara."

Ya Fanne ta ce, "To, tunda da shaidu."

Rana ba ta ƙarya. Sallah ta zo, aka sauko daga idi, aka yi yanka. Kashegari da hantsi sai ga robobi da kwanuka suna shiga gidan Hammawa. Kowace mace ta ƙulle nata a leda, ta ɗaura ƙyallen shaida, wannan ja, wannan shuɗi. Ya Fanne ta ɗaura wa nata bakin tsohon ɗankwalinta, ta tsaya sai da ta ga an saka shi, ta yi masa addu'a kamar mai raka matafiyi. Firiza ta cika maƙil. Hammawa ya danna murfi da gwiwa, ya datse kwado, ya juya ga matan.

"Kwana uku ba mai buɗewa. Dokar injiniyoyi ce. Ku je ku yi lalle, ku yi kitso, ku yi mini addu'a."

Bayan sun watse sai ya waiwaya ya ga fatu bakwai jibge a zaure, tasa ɗaya da shida da aka aiko, don gida ɗaya bai ji kunya ba. Fata kuwa ba ta jira, in ba a barbaɗa mata gishiri an shanya ba, kafin gobe ta tashi daga aiki. Ya duba tsakar gida, kaji da agwagi. Ya duba waje, karnukan unguwa suna ta sintiri saboda ƙamshin Sallah. Ya ɗaga kai sama, sai ya yi murmushi har kunne. Ga wuri shimfiɗaɗɗe, mai santsi, a karkace daidai yadda ruwan fata zai tsiyaye, ba kare ba kaza, kuma duk Potiskum ba inda ya kai shi shan rana.

Kada ka ce bai tuna maganar Zainu ba. Ya tuna. Yana kan tsani da fata a kafaɗa ya tsaya ya yi shawara da kansa, kuma ga yadda shawarar ta kaya. Yaron nan inuwa ya hana, to fata inuwa ce? Saniya da fatarta take yawo, amma ai tana jin rana har cikin ƙashi. Abin da ya ratsa fatar saniya, ta rago ce za ta tare shi? Bugu da ƙari, wuta ai zafi ce. In ka lulluɓe abu, zafinsa ƙaruwa yake yi. Ashe ma taimakon farantan zai yi.

"Wannan dabarar ko Zainu bai kai nan ba," ya faɗa a fili. "Rana ɗaya, aiki biyu."

Ya shimfiɗa fata shida a kan faranti shida, ya ja kowace ya ɗaure ta tam da igiya ta kusurwa huɗu, aikin gwani, ko tsinin allura na gilashi bai bari a waje ba. Ta bakwai ya gicciya ta a tsakiya don kada ta ji an ware ta. Ya sauko yana karkaɗe hannu, bai gaya wa kowa ba, yana so sai fatun sun bushe ya ba majalisa mamaki.

Ranar kuwa gidan ya zama tashar caji. Duk wanda ya zo gaisuwar Sallah sai Hammawa ya ce ya kawo wayarsa. Ya fito da lasifika ƙofar gida. Ya jona dutsen guga ya goge babbar rigarsa, sannan ya ce wa Yunusa ya kawo tasa ita ma, don a san ana yi. Kafin la'asar sai inbata ta fara: ƙiii, ƙiii, ƙiii.

Aminatu ta leƙo zaure. "Alhaji, abin nan yana kuka. Ba cewa aka yi a kira Zainu ba?"

"Zainu ya tafi garinsu Sallah. Kuma wane kuka? Dabba in ta ƙoshi ai sai ta yi gyatsa."

"Wannan bai yi kama da gyatsa ba."

"Ke da ni wa ya san dabba?"

Kukan ya ƙi tsayawa, baƙi suka fara tambaya. Hammawa ya ɗauko bargo ya lulluɓe inbata, ya ɗora matashi a kai. Can zuwa magariba ta yi shiru ɗif, ƙwayaye tara suka mutu lokaci guda, fankoki suka yi juyi biyu na bankwana suka tsaya.

"Ka gani?" in ji Aminatu.

"Na ga me? Ta kwanta tuƙa. Gobe rana na fitowa za ta miƙe."

Rana ta fito, irin ta watan da damina ke leƙe ba ta shigo ba, wadda kwanon rufi ke ƙara saboda zafi. Inbata ba ta miƙe ba. Hammawa ya shafa bayanta, ya yi mata 'yar fito irin wadda ake yi wa saniya a bakin rijiya. Shiru. Ya je ya kara kunne a jikin firiza, ita ma shiru. Sai ya tuna doka: in ba a buɗe ba, sanyi ba ya gudu. To sanyin ta ina zai fita, ga kwado? Ya ƙara jan makullin cikin riga, ya fita majalisa.

"Injiniya, yau ban ga ƙwai na ci a ƙofa ba," in ji Yunusa.

"Na ba shi hutun Sallah. Ku ba ku san tausayin na ƙasa da ku ba."

A kwana na biyu da rufe firiza wani ɗan wari ya fara zagaya tsakar gida. Aminatu ta toshe hanci da bakin mayafi ta ce a ba ta makulli. Hammawa ya ce kwatar maƙwabta ce. Ta ce kwata ba ta shigowa ɗaki ta zauna. Ya ce to ɓera ne ya mutu a rufi. Ya sayo turaren wuta na tsinke ya kunna guda goma a kan murfin firiza, gidan ya koma warin da ba shi da suna. A ransa kuwa tsoro ya fara cin sa sosai. Sau uku yana zuwa garke ya tsaya ya dubi Ɗan Gata, bijimin yana tuƙa abinsa hankali kwance.

A kwana na uku, kafin azahar, korayen ƙudaje suka yi wa gidan zobe. Sama kuma ta cika da shirwa, sun fi ashirin, suna shawagi daidai kan zauren Hammawa, wata ta sauko ta kai sura ta koma. 'Yan majalisa suka ɗaga kai.

"Injiniya, baƙi ka yi daga sama?" in ji Yunusa.

"Wutar sola ce ke jan su. Ba ku karanta ba."

Bai rufe baki ba sai ga Ya Fanne da kwanonta, bayanta mata shida, kowace da roba. Kwana uku sun cika, ita kuma gobe za ta hau mota zuwa Damaturu. Suna isa bakin zaure suka ja da baya kamar an tura su.

"La'ilaha illallahu! Hammawa, wa ya mutu a gidanka?"

"Ya Fanne, ku dawo jibi. Naman bai gama... bai gama nuna ba."

"Mangwaro na ba ka ajiya?"

Hayaniya ta jawo Bulama. Daidai nan kuma sai ga Zainu a kan babur, don ashe Aminatu ta ari wayar maƙwabciya tun jiya ta kira shi. Ya shiga zaure, ya ɗaga matashi, ya yaye bargo, ya dubi inbata, ya dubi Hammawa.

"Baffa, zazzaɓi take yi?"

Ya auna batura, ko ɗigo babu. Ya ce abin da mamaki, ga rana kamar ta fasa dutse amma ba abin da ke saukowa daga sama. Ya jingina tsani. Hammawa ya yi wuf ya riƙe ƙafar tsanin.

"Ba sai ka hau ba, ɗana. Na duba can da kaina, lafiya lau."

"Sakar masa tsani," in ji Bulama.

Zainu ya hau. Sai aka ji ya yi salati da ƙarfi, irin na wanda ya buɗe ɗaki ya tarar da kura. Jim kaɗan sai ga abu ya faɗo tim a gaban jama'a, fatar rago, ta bushe ƙamas kamar faifai. Sai ta biyu. Sai ta uku. Yunusa yana ƙirgawa da ƙarfi har bakwai. Zainu ya leƙo daga sama ya ce, "Baffa, ban ce ko ganye ɗaya kada ya yi wa farantan nan inuwa ba?" Ya Fanne ta sunkuya ta ɗaga ɗaya mai baƙin tabo a wuya.

"Wannan ta ragona ce."

Ta bakwai na taɓa ƙasa, ba a yi minti biyu ba sai inbata ta yi ƙit, koren haske ya kama. Ƙwan ƙofar gida ya kawo. Daga cikin gida aka ji firiza ta ɗauki gurnani.

Hammawa ya yi tsalle. "Kun gani! Na ce muku tuƙa take yi! Ga shi ta miƙe!"

"Makulli," in ji Bulama, ya miƙa hannu.

Ba zan ɓata maka cin abinci da bayanin abin da aka gani ba. Ya isa in ce da murfin ya ɗago, Bulama da ke da ciwon gwiwa shekara goma shi ya riga kowa isa bakin titi. Kajin gidan suka haura katanga. Ya Fanne kaɗai ta tsaya, ta hango bakin ɗankwalinta yana iyo a cikin abin da ya zama ruwa. Ba ta yi ihu ba. Hawaye ne suka zubo mata, ta ce a hankali, "Shekara guda ina ba shi da hannuna." Wannan maganar ta fi zagi dubu yi wa Hammawa ciwo, don shi ma ya san abin da ake nufi da kiwon dabba da hannu.

Duk da haka sai da ya gwada sa'arsa. Ya bi Bulama bakin titi yana rage murya.

"Allah ya ba ka nasara, ai maganar Ɗan Gata irin ta majalisa ce. Kuma a duba, fatun nan sun yi kyau. Ban taɓa ganin shanya irin wannan ba."

"Ka ce ka ji, kuma ka ƙara," in ji Bulama. "A kira mahauta."

Kashegari da safe aka fito da Ɗan Gata. Hammawa ya rungume wuyansa yana yi masa magana da Fulatanci, yana kuka wiwi ba kunya, har sai da Aminatu ta ce ranar da mahaifinta ya rasu bai yi rabin wannan ba. Aka yanka, aka kasa bakwai, aka ware wa Ya Fanne, da ta ɗage tafiyarta, cinya guda saboda mai jego. Zainu ya wanke firiza da omo sau uku, ya ciccire jajayen ƙwayayen nan ya mayar da idon mage, ya ce yanzu kam ko naman giwa aka saka zai daskare. Ba macen da ta ko kalli inda take.

"Soyayye muke so," in ji su. "Kuma an yi mana alkawarin mai suya."

Aka kafa murhu a tsakiyar layi, aka ɗora ƙaton kasko. Matan suka shimfiɗa tabarmi a gindin maina, da lallensu da sabon kitsonsu, suna shan zoɓo mai sanyi wanda Aminatu ta ciro daga firizar. Injiniya kuwa ya tuɓe babbar riga, daga shi sai singileti, ya tsuguna gaban wuta da matsami a hannu. Hayaƙi ya shige masa ido, kitse ya fallatsar masa a hannu.

"Juya na ƙasan, Injiniyan Fata, yana ƙonewa!"

"Rage wuta, Sarkin Shanya!"

"A hankali dai, aikin mutanen da ne, sai mai ilimi!"

Da rana ta take tsaka, gumi ya jiƙe shi sharkaf, idanunsa suka yi jawur, ƙeyarsa tana ƙyalli. Yunusa tela, duk da bakinsa, sai tausayi ya kama shi. Ya shiga shago ya ɗauko lema, ya buɗe, ya nufi wurin kaskon zai riƙa masa.

Ya Fanne ta ɗaga sandarta ta tare shi.

"Kai Yunusa, mayar da lemar nan! Ba ka ji abin da Zainu ya ce ba? Ko ganye ɗaya kada ya yi masa inuwa. Bar shi ya sha rana, ko Allah ya sa kan nan nasa ya ɗauki caji."